Natalie Zemon Davis: Malamar da ta zaƙulo talaka daga takardun kotu

Tarihin da ya tsaya kan sarakuna da yaƙe-yaƙensu rabin labari ne. Aikin Farfesa Natalie Zemon Davis, masaniyar tarihin Turai na ƙarni na 16, shaida ne a kan haka.

An haife ta a Detroit ta Amurka a 1928, ta kuma rasu a Toronto ta Kanada a 2023. Hanyarta ba ta zo da sauƙi ba. A 1952 gwamnatin Amurka ta ƙwace fasfonta da na mijinta, a zamanin farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci. Bincikenta kan birnin Liyon na Faransa ne, ga shi ba damar zuwa. Sai ta duƙufa kan tsofaffin littattafan da aka buga a Liyon da ke ɗakunan karatun Amurka, har ta kammala digirin digirgir a Jami'ar Michigan a 1959. Daga baya ta koyar a Toronto da Berkeley da Princeton.

Littafinta na 1983 kan Martin Guerre ne ya fito da sunanta. Manomi ne da ya bar ƙauyensu, wani ya zo ya yi sojan gona da sunansa, ya zauna da matarsa kusan shekara uku, har asirinsa ya tonu a kotun Tulus a 1560. Daga wannan shari'a ta nuna yadda ƙauyawa ke kallon aure da gado da mutunci.

Wasu masana sun zarge ta da cike giɓi da hasashe, musamman kan tunanin matar. Sukar tana da tushe. Sai dai takan bambance abin da takarda ta tabbatar da abin da take zato, kuma wannan ya fi barin talaka cikin duhu.

A 2006 ta yi littafi kan Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, marubucin da ya ambaci Kano da Katsina a littafinsa na ƙarni na 16. Ga ɗaliban tarihi a ƙasar Hausa, darasin a fili yake: tsofaffin takardun kotunan alƙalai cike suke da muryoyin manoma da fatake da matan da suka kai ƙara. Suna jiran mai karanta su kafin gara ta riga shi.