Kayan aikin likita: zanen aro ba ya rufe katara

Ranar 5 ga watan Mayu na shekarar 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ba da sanarwar cewa cutar korona ta daina zama barazanar gaggawa ga duniya. Jama'a suka yi hamdala, aka jefar da takunkumi, kowa ya koma harkarsa. An yi ta muhawara a kan allurar rigakafi, an yi ta gardama a kan rufe masallatai da iyakoki. Amma akwai wata magana da har yau ba a zauna an yi ta ba a ƙasar nan, ita ce maganar kayan aikin likita: takunkumi da safar hannu, abin awon zafin jiki, kayan gwajin cuta, injin iskar oksijin, na'urar taimakon numfashi. Wa ya ƙera su, wa ya duba su, kuma da izinin wa suke shiga asibitocinmu?

Mu tuna yadda kasuwa ta kasance a watan Maris na 2020. Ranar 3 ga wata OMS ta yi kukan cewa kuɗin takunkumin likita ya ninka sau shida, kuma duniya na bukatar guda miliyan 89 a kowane wata. A wannan ranar ce gwamnatin Faransa ta ɗora hannu a kan takunkumin da ke cikin ƙasarta. Ranar 15 ga wata Tarayyar Turai ta ce ba mai fitar da kayan kariya waje sai da takardar izini, Amurka kuma ta bi sahu a watan Afrilu. Ƙasashen da suka shekara talatin suna yi mana wa'azin sakin kasuwa ta yi halinta, su ne suka fara garƙame ƙofa da wuta ta zo gemunsu. Mu kuwa ranar 19 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Nijar, daidai lokacin da mai kuɗi a hannu ma ba ya samun abin saye. A watan Afrilu OMS ta ce na'urorin numfashi masu aiki da ke cikin ƙasashen Afirka 41 ba su kai 2,000 ba.

Da kaya suka yi ƙaranci, sai manyan ƙasashe suka sassauta doka. Masu ƙera motoci irin su General Motors da Ford suka koma haɗa na'urar numfashi, masaƙu suka koma ɗinkin takunkumi, hukumomin sa ido kuma suka rage tambaya. Ba mu ga laifinsu ba a kan haka, domin wanda gidansa ke ci da wuta ba ya tsayawa tace ruwa. Sai dai in bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. Hukumar FDA ta Amurka ta bar kamfanoni su sayar da kayan gwajin jini na korona tun ranar 16 ga Maris ba tare da ta duba su ba. Ranar 4 ga Mayu ta janye wannan rangwame, saboda tarkacen da ya cika kasuwa. Ta halatta takunkumin KN95 na ƙasar Sin ranar 3 ga Afrilu, ranar 7 ga Mayu kuma ta soke izinin mafi yawan kamfanonin, bayan awo ya nuna da yawa ba sa tace iska yadda aka rubuta a jikinsu. Ƙasar Holand ta janye takunkumi 600,000 da ta riga ta raba wa asibitocinta. Sipaniya ta mayar da kayan gwajin gaggawa na kamfanin Bioeasy, da aka gano cewa cikin masu cutar goma kimanin uku kawai suke kamawa.

A nan muke so ƴan kasuwa da ma'aikatan da ke sa hannu a takardun sayen kayan gwamnati su tsaya su yi nazari. Kayan gwajin nan da Sipaniya ta mayar suna ɗauke da tambarin CE, haruffa biyun nan da muke gani a jikin kwali sai hankalinmu ya kwanta, mu ce ai Turawa sun duba. Alhali a ƙarƙashin dokar Turai ta 1998, wadda ke aiki a lokacin, mai ƙera irin wannan kayan gwaji shi ke rubuta wa kansa takardar shaida, shi ke buga wa kansa tambari, ba tare da wata hukuma ta waje ta taɓa kayan ba. Ɗan takara ne ke ƙirga ƙuri'unsa da kansa, mu kuwa a ƙasar nan mun san inda irin wannan zaɓe yake ƙarewa. Turawan sun san da wannan ɓaraka. Tun bayan abin kunyar kamfanin PIP na Faransa a 2010, wanda ya ƙera robar nono da aka cika da sinadarin masana'antu, aka cusa wa dubban mata, suka shirya sababbin dokoki masu tsauri, suka amince da su a 2017. Dokar kayan aikin likita za ta fara aiki ne ranar 26 ga Mayu 2020, sai annoba ta sa aka ɗage ta shekara guda. Ta kayan gwaji kuwa sai a Mayu 2022. A 2023 aka sake ƙara wa tsofaffin kaya wa'adi, wasu har ƙarshen 2027, wasu har ƙarshen 2028.

To, me ya cece su? Ba tambari ba ne. Abin da ya cece su shi ne suna da ɗakunan awo da suka sa takunkumin a inji suka ga yana yoyo, suna da rajistar da ta nuna wane kwali ya tafi wane asibiti, suna da hukumar da in ta ce a janye, a janye ɗin. Sun buɗe ƙofa ne da sanin akwai mai gadi a zaure. Ita kanta ƙasar Sin, da ta ga sunanta na ɓaci, daga 1 ga Afrilu 2020 ta hana fitar da irin waɗannan kaya sai masu rajista a hukumarta. Kowane ɗan kasuwa a Maraɗi ya san cewa hajar da aka kora daga wata kasuwa ba ƙona ta ake yi ba, wata kasuwar take nema, kuma inda ba a bincike can take dosa.

Ko tambarin ya zama na gaskiya ma, akwai sauran magana. Ku ɗauki ɗan abin nan da ake maƙala wa majinyaci a yatsa don a ga yawan oksijin da ke cikin jininsa. Haske yake turawa ta cikin yatsa, ya auna abin da jini ya shanye, daga nan ya fitar da lamba. Da wannan lamba likita ke yanke hukuncin wa za a ba oksijin, wa za a sallama gida. A watan Disamba 2020 likitocin jami'ar Mishigan ta Amurka suka fitar da bincike: cikin majinyatan da na'urar ta nuna lafiya lau suke, tsakanin 92 da 96, an samu kashi 11.7 cikin ɗari na baƙar fata da oksijin ɗinsu ya faɗi ƙasa da 88, alhali a farar fata kashi 3.6 ne kawai. Baƙin fata na shanye wani ɓangare na hasken, sai na'urar ta yi ƙarin gishiri. Ba jabu ba ce, an bi doka wajen ƙera ta. Sai dai ƙa'idar FDA ta 2013 ta yarda a gwada irin wannan na'ura a kan mutum goma, biyu daga ciki masu duhun fata, a ce ta yi. Sai a Janairu 2025 hukumar ta fito da daftarin gyara. Ga Ba'amurke wannan matsalar ƴan tsiraru ce. Ga ƙasar da kusan kowa baƙi ne, ƙasar da ciwon haƙarƙari ke cikin manyan makasan ƙananan yara, kuma aka fara kai wannan na'ura har ƙananan cibiyoyin lafiya, matsalar kowa ce. Ba mu ce a jefar da ita ba, domin ta fi ƙiyasin ido nesa ba kusa ba. Cewa muka yi a san wadda ake saye, a kuma gaya wa ma'aikacin jinya kada ya gaskata lamba ya ƙaryata yaron da ke haki a gabansa.

Nijar ba ta bukatar a ba ta labarin abin da ke faruwa in gaggawa ta haɗu da rashin bincike. A annobar sanƙarau ta 1995, fiye da mutum 50,000, bisa ƙididdigar OMS, aka yi wa allurar rigakafin jabu wadda ta zo a matsayin kyauta, kwalabenta ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai. Ma'aikatan ƙungiyar MSF ne suka lura maganin ba ya narkewa yadda ya kamata. A 2015 da 2019 an sake kama jabun allurar sanƙarau a ƙasar nan. Wannan fa magani ne, wanda muke da tsohuwar al'adar sa masa ido: ONPPC na shigo da shi, LANSPEX na iya awonsa, akwai masana harhaɗa magani da suka yi rantsuwa. Ina ga kayan aiki, waɗanda a idon ma'aikacin duwan ba su da bambanci da rediyo ko fanka?

Kuma duba inji ya fi duba ƙwaya wuya. Ƙwaya a auna ta sau ɗaya, a haɗiye, magana ta ƙare. Injin tace oksijin kuwa yana son wutar da ba ta yankewa, yana son a sake masa matata, ƙurar hunturu na toshe shi, zafin bazara na gajiyar da shi, kuma yana iya ci gaba da gurnani yana hura iska alhali oksijin ɗin ciki ya ragu, ba mai sani sai an sa masa ma'auni. Wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiyar wani babban asibiti ya ga injunan kyauta jibge, wani babu kayan gyara, wani littafinsa da harshen da ba mai ji. Ranar karɓarsu an kira talabijin.

An ɗan motsa a nahiyar. A Janairu 2020 Nijar na cikin ƙasashen da suka ɗauki alkawari a Lome na hukunta masu fataucin jabun magani. A Yuni 2020 Tarayyar Afirka ta buɗe dandalin sayen kayan likita a dunƙule, don kada kowace ƙasa ta je kasuwa ita kaɗai a raina ta. Cibiyar Pasteur ta Dakar ta kafa masana'antar kayan gwajin gaggawa. Yarjejeniyar kafa Hukumar Magunguna ta Afirka, mai mazauni a Kigali, ta fara aiki ranar 5 ga Nuwamba 2021. Duk wannan madalla. Amma ba daga Kigali za a zo a buɗe kwalin da ya sauka a Yamai ko ya ratso ta Ɗan Isa ba.

Abin da muke nema daga magabata bai fi ƙarfin baitulmali ba. A buga jerin kayan aikin likita da aka yarda da su, da sunayen masu izinin shigo da su, a manna a ofisoshin duwan yadda kowa zai gani. Kada a biya kuɗin kwangilar inji sai da kayan gyara da horon mai kula da shi a cikin yarjejeniya, kuma kyauta ma a bi ta da wannan sharaɗi, ko daga wa ta fito. Ƙin karɓar abin da ba zai yi aiki ba ba rashin godiya ba ne. A ba ma'aikacin jinya na Tasawa ko Madawa hanyar da zai kai rahoto in ya ga na'ura na ƙarya, ba tare da tsoron a yi masa canjin wurin aiki ba. Mafi muhimmanci, a rubuta dokar gaggawa tun yanzu da ake zaune lafiya: wa ke da ikon sassautawa, na kwana nawa, kuma wa zai bi sawun kayan bayan sun shiga. In aka bari sai annoba ta zo, ƴan kwangilar dare ɗaya ne za su rubuta ta.

Alhazanmu masu zuwa Dubai da Gwanzu kuwa, kada su ɗauki wannan a matsayin wani sabon haraji. Ɗan kasuwar da ya sayo na ƙwarai da tsada shi ne na farko da mai kayan araha ke karyawa, kuma rajista ce kaɗai za ta raba su a idon mai saye. Kafin a biya kuɗin kwantena, a nemi takardar shaidar kayan, a duba ko akwai lambobi huɗu a gefen tambarin CE, domin su ne ke nuna hukumar waje da ta duba kayan da ke da haɗari. Sunayen waɗannan hukumomi da lambobinsu na nan Tarayyar Turai ta wallafa a intanet, kowa na iya dubawa kyauta.