Daren Hirar Mata da Finafinan Ban Tsoro



Ƙanwata ce ta jawo maganar wannan karo. Ita da ƙawayenta sukan taru a ɗakin ɗayarsu daren Asabar bayan sallar Isha'i, a dafa shayi, a kalli fim. Ta ce mini sun gaji da na soyayya, suna son wanda zai tayar musu da tsikar jiki, amma ba na yanka da malalar jini ba, ba kuma wanda za a kunna a riƙa sunkuyar da kai don kunya ba. Da farko dariya na yi. Daga baya na tuna cewa tun kafin wutar lantarki ta shigo unguwarmu, ban tsoron dare a hannun mata yake: kakarmu ce ke ba mu tatsuniyar Dodo, mu kuwa muna maƙale da juna a kan tabarma, kowa na tsoro, ba mai son a daina.

Da na zauna zaɓe, sai na lura da wani abu. Mafi kyawun finafinan nan, dodon cikinsu ba shi ne ainihin abin firgita ba. Abin firgitar shi ne mace da aka bari ita kaɗai da nauyi, ta faɗi abin da take gani, a ƙi gaskata ta.

Wanda na fi so shi ne Under the Shadow, na shekarar 2016, wanda Babak Anvari, ɗan asalin Iran, ya shirya cikin harshen Farisanci. Labarin yana birnin Tehran, a ƙarshe-ƙarshen yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, lokacin da makamai masu linzami ke sauka a kan gidaje. Shideh ta so komawa karatun likitanci, aka hana ta saboda siyasar da ta shiga tana ɗaliba. Mijinta likita ne, aka kira shi fagen daga, ya bar ta da ƴarsu Dorsa. Wata rana makami ya huda rufin benensu, bai fashe ba. Daga nan ƴartsanar yarinyar ta ɓace, zazzaɓi ya kama ta, ta dage cewa aljani ne ya ɗauke. Maƙwabta suka yi ta watsewa gida-gida, har benen ya rage daga uwa sai ƴa. Akwai wurin da har yau bai bar raina ba: cikin tsakar dare ta rungumi ƴarta ta fito titi a guje, ba takalmi, ba mayafi, masu sintiri suka kama ta, aka zaunar da ita ana yi mata faɗan sutura. Ni ba mai raina sutura ba ne, gidan da na tashi ya ishe ni shaida. Amma uwar da ta fito haka da ɗiya a kafaɗa, tambayar farko da ta cancanta ita ce: me ya koro ki?

Na biyu ya fi nauyi a zuciya. The Babadook ne, na 2014, wanda masu kallo da Faransanci suka sani da Mister Babadook. Mace ce ta shirya shi, Jennifer Kent, ƴar Ostireliya. Mijin Amelia ya rasu a haɗarin mota a kan hanyar kai ta asibiti haihuwa, don haka ranar haihuwar ɗanta Samuel ita ce ranar mutuwar ubansa. Shekara shida tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana rainon yaro mai rigima, ba ta samun barci, ƴar'uwarta ma ta gaji da ita. Sai wani jan littafin yara ya bayyana a ɗakin, da hoton wani baƙin dodo mai doguwar hula. Ta yaga shi, ya dawo. Kowace mace da ta taɓa zama da mai takaba, ta ga yadda gida ke cika kwana uku ko bakwai sannan ya koma shiru, za ta gane ko wane ne wannan dodon. Sai dai a kula: akwai ɗan gajeren wuri a farkonsa da ya kamata a wuce, kuma kalaman da uwar ta jefi ɗanta da su masu zafi ne.

Atlantique kuwa na kusa da gida ne. Mati Diop ta ɗauke shi a Dakar cikin harshen Wolof, ya ci babbar lambar Grand Prix a bikin Cannes na 2019. Samari leburorin gini ne aka riƙe musu albashin watanni, suka shiga kwalekwale zuwa Sifen, teku ta cinye su. Sai ƴanmatan unguwa suka fara tashi cikin dare, idanu fari fat, suna takawa gidan mai ginin suna neman kuɗin da muryar mamatan. Mu da muke ganin samarinmu na bin hanyar Agadas, ba sai an yi mana fassara ba. Abu biyu zan faɗa a kansa: yana da wuraren soyayya da ba su dace da kowane zama ba, sannan dawowar mamaci ya shiga jikin mai rai dabarar mai labari ce kawai, a aƙidarmu wanda ya tafi barzahu ba ya komowa bin bashi. Wannan gargaɗi na biyun ya shafi The Others na 2001, wato Les Autres, inda Nicole Kidman ta fito a matsayin uwa mai tsare ƴaƴanta biyu cikin gida mai duhu a tsibirin Jersey a 1945, saboda hasken rana na cutar da su. Babu yanka a cikinsa, ƙofofi ne da labule da takun sawu. Wadda ta riga ta san ƙarshensa, don Allah ta kama bakinta.

Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya dace da yara, sai sun yi barci. A fara da wuri saboda sallar Asuba, kuma idan an tashi kada a bar wata ta taka gida ita kaɗai.

Under the Shadow na ba ƙanwata. Da za ta tafi ta ce za su gayyaci wata maƙwabciyarsu da ta fita takaba watanni kaɗan da suka wuce, wadda tun lokacin ba a cika ganinta a ƙofar gida ba. Na ce su gayyace ta, su je har ɗaki su ɗauko ta, su tambaye ta abin da take son kallo. Amma daren da za ta zo, kada a kunna The Babadook.