Wa Zai Rubuta Labarin Achida?

'Yan uwa marubuta, kowa a Sakkwato ya san Tambuwal ya ci zaɓen 2019 da ratar ƙuri'a 342 kacal. To, wa ya rubuta yadda Aminu Manya Achida, ɗan APC mai wakiltar Wurno, ya zama kakakin majalisar dokokin jiha a shekarar, alhali gwamna ɗan PDP ne? A 2022 shi ma ya koma PDP. Me ya gudana a tsakani?

Alƙalaminmu ya fi bin gwamnoni, amma kasafin kuɗin makarantu da asibitocinmu sai majalisa ta amince da shi. Waɗanda aka yi abin a gabansu suna raye. Mu je mu tambaye su tun ana tunawa.