Yashin kuzar Filato: A auna shi kafin a yi ɗaki da shi

Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawan Ingila suka fara haƙar kuza a tsaunukan Jos. Sun kwashi abin da ya kawo su, suka bar wa Bukuru da Barikin Ladi kududdufai da tulin yashin da aka wanke kuza daga cikinsa. Irin wannan yashi ne talaka yake ɗiba ya buga bulo ko ya shafe ɗaki, domin yana kusa kuma ba shi da tsada.

Masana kimiyyar ƙasa sun daɗe da sanin abin da ke cikinsa. Wankin kuza yana tara ma'adinai masu nauyi wuri guda, musamman monazayit da zirkon, waɗanda ke ɗauke da toriyom da yuraniyom. Sinadaran biyu suna fitar da tururin nukiliya da ido ba ya gani, hanci ba ya shinshinowa. Daga yuraniyom ake samun iskar radon mai taruwa a ɗakin da ba ya shan iska, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin manyan abubuwan da ke haddasa sankarar huhu, bayan taba sigari. Toriyom kuwa sai ya shekara kusan biliyan 14 kafin rabinsa ya ƙare.

Ba kowane tulin yashi ke da haɗari ba, kuma hana ɗibarsa baki ɗaya zai toshe wa mutane da yawa hanyar abinci. Abin da ya dace shi ne awo. Najeriya tana da Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya, tana da Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kuma malaman jami'o'i sun yi nazari kan ƙasar Filato. Amma sakamakon da ya tsaya a mujallar masana, cikin Turanci, bai amfani magini da komai ba.

Zamfara ta isa darasi. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinare ta hallaka yara sama da 400, saboda iyayensu ba su san abin da suke niƙawa a tsakar gida ba.

Wajibi ne gwamnatin tarayya da ta Filato su ɗauki nauyin auna kowane tuli da kududdufi, a kafa alama a wuraren da suka wuce ƙima, a sanar da jama'a ta rediyo cikin Hausa da Birom. Mai neman yashin gina ɗakin 'ya'yansa yana da haƙƙin sanin wane tuli zai ɗiba, wane zai ƙyale.