Sharhi: Dukiyar da hukuma ta ƙwace, ina lissafinta?

Birnin Guangzhou da ke kudancin ƙasar Sin ba baƙo ba ne ga fataken Kano da Maraɗi, masu sarin atamfa da takalma a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli. To amma masu kamfanonin birnin sun ɗanɗana wata masifa da Sinawa suka laƙaba wa suna "kamun kifi a teku mai nisa". Wato 'yan sanda daga wasu larduna kan zo su tsare mai kamfani, su rufe asusunsa na banki tun kafin kotu ta same shi da laifi. Rahoton wata cibiyar bincike ta lardin Guangdong na shekarar 2024 ya ce daga 2023 kamfanoni kusan dubu 10 ne a Guangzhou suka gamu da jami'an wasu larduna, akasarinsu masu zaman kansu. Idan kuwa aka rufe asusun masana'anta, kuɗin kafin alƙalami na Bakano ma ya maƙale ke nan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun daga 2021 kuɗin sayar da filaye, wanda ƙananan hukumomi suka dogara da shi, ya ja baya, alhali tara da dukiyar da aka ƙwace suna shiga baitulmalin yankin da ya yi kamen ne. Masu iya magana dai sun ce ba a ba kura ajiyar nama.

A ranar 20 ga watan Mayun 2025 sabuwar dokar bunƙasa kamfanoni masu zaman kansu ta fara aiki a Sin, wadda ta haramta rufe dukiya ba bisa ƙa'ida ba. Wannan mataki abin yabo ne, sai dai hani kaɗai ba ya isa muddin jama'a ba sa ganin lissafi.

Nijeriya shaida ce. A 2020 an dakatar da Ibrahim Magu daga shugabancin hukumar EFCC bisa zarge-zargen da suka haɗa da yadda aka sarrafa kadarorin da aka ƙwato, zargin da ya musanta, amma gwamnatin lokacin ba ta wallafa rahoton kwamitin Mai Shari'a Ayo Salami ba. A Disamban 2024 kuma hukumar ta sanar da ƙwace gidaje 753 a Abuja ba tare da ta ambaci sunan mai su ba, abin da ya jawo mata suka.

Saboda haka wajibi ne kowace hukuma mai ikon ƙwace dukiya, a Guangzhou ne ko a Abuja, ta riƙa bayyana wa jama'a duk shekara abin da ta rufe, da kotun da ta ba da izini, da nawa aka sayar, da asusun da kuɗin ya shiga, da kuma nawa aka mayar wa waɗanda aka wanke. Hukumar da ta tilasta wa ɗan kasuwa ya faɗi inda ya samo dukiyarsa, ita ma sai ta faɗi inda ta kai ta.