Wa Ya Kori Zane Daga Makarantun Katsina?

Ya ku 'yan'uwa talakawan birnin Katsina, 'yan kasuwa da masu sana'a, maza da mata, yau maganarmu a kan wani darasi take wanda mahukunta suka mai da shi ɗan bora a makarantun 'ya'yanmu, watau darasin zane da aikin hannu. Sunansa yana nan cikin manhajar da gwamnati ta tsara wa firamare da ƙaramar sakandare, an gwama shi da al'adu da kiɗa. Amma ku tambayi yaranku yau da daddare, yaushe rabon da malami ya miƙa musu fensir mai launi, ko yumɓu, ko allura da zare? A yawancin makarantun talakawa abin da ake yi shi ne malami ya rubuta ma'anar zane a allo da Turanci, yara su kwafe, su haddace, ran jarrabawa su amayar. Wannan kuwa daidai yake da a ɗora yaro bisa turmi a ce ana koya masa hawan doki.

Manya suna cewa wai zane wasan yara ne, ilmi na ainihi shi ne Turanci da lissafi da kimiyya. Mu dai ba mu raina waɗannan ba. Amma bari mu kai ƙara gaban alƙalin da ba ya karɓar toshiya, watau kasuwa. Kai mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, ɗauko turmi biyu, kowane yadi shida, saƙa iri ɗaya, kuɗi ɗaya. Wannan kafin Juma'a ta zagayo ya ƙare, har mata suna aiko yara da kuɗin ajiya. Wancan kuwa yana nan rataye har rana ta cinye shi, sai ka karyar da shi da hasara. Me ya raba su? Zane da launi. Hajiya ba ta ƙirga zaren ba, idonta ya gani ya so. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

To, wa yake cin kuɗin wannan ido? A garin Helmond na ƙasar Holan akwai kamfanin Vlisco, wanda aka kafa tun 1846, yana riƙe da mutane waɗanda ba su da wani aiki sai zana furen atamfar da matanmu za su ɗaura. Shaddar Getzner da ango yake tinƙaho da ita, daga ƙasar Ostiriya take, ƙasar da ko tushen auduga ɗaya ba a nomawa. Mai arahar kuma daga ƙasar Sin ake jibgo mana ita. Mu kuwa da muke da ƙasar auduga a Funtuwa da Malumfashi, namu shi ne noma da tsinka da ɗaukar buhu. Haka zancen fata. Tun zamanin ayari ake ƙetare Sahara da jar fatar akuyar ƙasar Hausa, Turawa suna kiranta fatar Maroko domin ta can take isa gare su. Har yau majemun Kano suna aika fata Italiya da Sifen, can a yanka ta, a fitar da fasali, a ɗinka takalmi da jaka, a sayar da kuɗin da ya ninka na fatar sau da yawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Kada wani ya ruɗe ku da cewa wannan fasaha ta Turawa ce, mu ba mu gaje ta ba. Cikin 1824 Baturen nan Kilafatan ya sauka Katsina, ya rubuta cewa babbar sana'ar garin aikin fata ce: salka, da matasan kai ja da rawaya, da kayan linzami, har ana kai kiraben shanu Fezan da Tarabulus. Hasumiyar Gobarau, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsawonta kamar ƙafa 50, da ƙasa aka gina ta, tana nan tsaye. Wali Ɗanmarna, wanda duk Bakatsine yake alfahari da malantarsa, da sunan marina ake kiransa, ba a taɓa jin wannan suna ya rage masa daraja ba. In kuma kuna son shaida ta yanzu, ku tsaya Ƙofar Soro ran hawan Salla ku duba da kyau. Sirdi da likkafa, jalala da lifidi, alkyabba da rawani, babbar riga mai aska takwas, wa ya yi su? Dukawa da maƙera da maɗinka da marina, 'ya'yan talakawa. A ranar kowa yana tafa wa na bisa doki, ba mai tambayar sunan wanda ya ƙawata dokin.

Yaya aka yi abin da ya ɗaukaka garin nan ya zama abin kunya a aji? Asalin cutar tsohuwa ce. Da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar boko a Nasarawa ta Kano cikin 1909, sai aka ware ta 'ya'yan sarakuna daban, ta malamai daban, ta sana'a daban. Tun ran nan aka raba alƙalami da hannu, aka nuna wa yaro wane ne na sama. Cikin 1921 aka fara Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, kafin a mai da ita Kaduna cikin 1938. Ginin yana nan, ya zama gidan adana kayan tarihi, ginin ƙasa irin na Hausa wanda baƙi suke zuwa kallo. Sunayen ɗaliban da suka zauna ciki kowa ya haddace su. Sunayen maginan da suka ɗaga shi fa, wace makaranta ce take koyarwa? Bature yana bukatar malamai da akawuna da ma'aikatan En'e, sai ya yi makarantar da za ta ba shi su. Wannan mun gane. Abin da ba mu gane ba shi ne, Bature ya tafi tun 1960, Katsina ta sami jiharta tun 1987, amma har yau makaranta tana ƙera akawuna alhali kuwa kujerun ofis sun daɗe da cika.

Ba a rasa alkawari ba. Cikin 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, aka ce kowane yaro zai fita ƙaramar sakandare da sana'a a hannu. Aka sayo injuna daga ƙasashen waje da kuɗin jama'a, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu, domin ba wuta, ba ɗakin aiki, ba malamin da aka horar. 'Yan kwangila sun ci nasu, yara sun tashi hannu rabbana. Daga baya, a zamanin Gwamna Ibrahim Shema, aka buɗe ƙauyen koya wa matasa sana'a a nan Katsina. Madalla. Amma wannan kaɗai ina zai ɗauki yaran jiha duka? Kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda aka shekara 12 ana nuna masa aikin hannu na jahilai ne, ba a wata shida za a sa ya so shi ba.

Ga kuma abin da ya fi ciwo. Waɗannan manya da suke ce mana zane ɓata lokaci ne, ku leƙa makarantun kuɗi inda suke kai nasu 'ya'yan a Abuja da Kaduna da Ingila. Za ku tarad da ɗakin zane, da fenti, da kwamfuta, da malami na musamman, suna biya ba ko gardama. Ashe sun san amfaninsa! Ɗansu zai zama mai zana gidaje, namu ya zama mai kwaɓa masa siminti.

Wani zai ce, ai addini ya hana zane. A yi hattara. Maganar da malamai suke yi a kan surar abu mai rai ce, su ne kuwa masu fatawa a kai. Amma wa ya taɓa hana zayyanar allo ran saukar karatu? Wa ya hana adon da marubuta suke yi wa Alƙur'ani, ko gafakar da baduku yake ɗinka masa? Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya, da bakan gizo da zane ya ƙawata shi. Aikin hula, saƙar faifai, zanen ƙwarya, dagi a bangon zaure, lalle a hannun amarya, duk fasali ne da awo da launi, duk kuwa halal ɗin Bahaushe ne tun kaka da kakanni.

Ku ciro takardar naira 20 daga aljihu ku juya bayanta. Matar nan da take ginin tukunya ita ce Ladi Kwali. Ba ta yi boko ba. A ƙauye ta koyi ginin tukwane, cikin 1954 ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ta haɗa gadon gida da sabuwar dabara. Aka kai ta Ingila da Amurka tana nuna aikinta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977. A Zariyar nan kuma tun 1955 ake koyar da zane a babbar kwaleji, yau jami'ar tana da sashen da ake koyon zanen yadi da tangaran da na buga takardu. Tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba daga nan. Yaran talakawan Katsina nawa ne aka taɓa gaya musu akwai wannan ƙofa? Ladi Kwali nawa muke aurarwa kowace shekara ba wanda ya taɓa sa musu yumɓu a hannu?

Amfanin kuwa ba sai an je jami'a ba. Yaron da ya raba faifai gida takwas daidai ya riga ya shiga lissafi. Wanda Turanci yake ba shi wuya, ake kiransa daƙiƙi har ya gudu daga aji, wataƙila basirarsa a yatsu take. In makaranta ba ta gano ta ba, ƙauraye suna nan bakin lungu suna jiransa. Mai kilishi yana bukatar wanda zai zana masa leda da tambari, tela yana neman sabon fasali, mai shago yana son allon suna, amarya tana neman mai lalle da mai gado da kabad. Wannan duk kuɗi ne da suke yawo cikin gari, in namu ba su iya ba na waje su kwashe.

Saboda haka ga abin da muke nema, ba kuwa roƙo muke yi ba, domin da kuɗin jama'a ake biyan albashi.

Na ɗaya, kowace firamare ta gwamnati a ba ta malamin zane da aka horar, da kayan aiki a hannu. Yumɓu da kaba da zare da ƙyallen tela ba sai an yi odarsu daga Turai ba.

Na biyu, a ɗauko gwanayen unguwa, dukawa da marina da maƙera da magina da mata masu saƙa da aikin hula, su riƙa shiga aji ko sau ɗaya a mako, a biya su lada, a kira su malamai, domin malamai ne.

Na uku, a jarraba yaro da abin da ya yi da hannunsa. Kowace shekara a baje aikin yara a fili, maza da mata, 'yan kasuwa su zo su gani, su taya, su ɗauki almajirai.

Na huɗu, kayan makaranta da bajo da kujeru da allunan hukuma, a ba masu sana'ar gida kwangilarsu.

Sauran magana tamu ce, mu iyaye. In ka ga ɗanka yana zane a bayan littafi, kada ka kai masa mari, ka sayo masa wani littafin. Ran taron iyaye da malamai ka je, ka miƙe tsaye ka tambayi hedimasta ina malamin zane. In ya ce ba a turo ba, ku haɗu ku rubuta wa sakataren ilmi, ƙungiyar 'yan kasuwa ta sa hannu, ta teloli ta sa hannu. Ɗan majalisa kuma in ya zo neman ƙuri'a da atamfa da sabulu, ku juya bakin atamfar ku nuna masa inda aka buga ta, ku tambaye shi yaushe za a buga sunan Katsina a wurin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya buɗa basirar 'ya'yan talakawa, ya sa albarka a hannuwansu. Amin.