Kada Ku Ƙone Ciyawar Fadama

Ya ku manoma da hakimai na ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, ku dubi burgun da ke fita a fadamunku. Ba wanda ya taɓa zuba masa taki, amma ga shi kore shar. To, ina ya ke samun abinci?

Akwai wani sinadari da Turawa ke kira naitirojin. Shi ke sa ganye ya yi kore, shi kuma a ke saye cikin buhun yuriya. Kashi 78 cikin 100 na iskar da mu ke shaƙa shi ne, amma ciyawa ba ta iya ɗibarsa daga iska, sai ta saiwa. In gulbi ya cika, ya kan kawo laka da kashin dabbobi da ganyaye, su ruɓe, naitirojin ya narke cikin ƙasa.

Sai dai ƙasar da ruwa ya kwanta a kai ba ta da iska. Saiwar gero shaƙewa ta ke yi nan, ta mutu. Burgu kuwa, ku karya karansa ku gani, cikinsa duk ƙananan kafofi ne. Ta nan iska ke sauka zuwa saiwa, ta yi numfashi, ta sami ƙarfin zuƙo abincin nan ta tara a ganye. Haka shinkafa ta ke, haka kuma ciyawar bakin teku a Ingila da Amurka, ko da ya ke gishiri na rage mata ci.

Watau ciyawar fadama rumbu ce. Wanda ya cinna mata wuta, naitirojin ya bi hayaƙi ya tafi. Toka na da nata amfani, amma wannan ba ya cikinta. Dā ambaliya kan mayar da abin da aka ɓatar. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978 da ta Goronyo a 1984, laka mai yawa can ta ke kwantawa.

Na san wuta ta fi sauƙi, tana kuma korar ɓeraye da macizai. Duk da haka ku yanke ciyawar, shanu su ci su kwana a gonar, ko ku binne ta tun tana ɗanya. Amma ku ba ta makonni ta ruɓe kafin shuka, domin busasshiyar ciyawa, in tana ruɓewa, ta kan riƙe naitirojin tukuna, shuka ta yi ɗorawa-ɗorawa. Hakimai, a faɗa wa talakawa tun ruwa bai janye ba.